Tambaya da Amsa: Wai Tara Kan Sarki Ma Sana'a Ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Babanmu ya yi aiki a gidan waya, da ya rasu sai muka tarar da wani tsohon albam cike da kan sarki, wasu ma suna manne a jikin ambulan ɗinsu. Yayana ya ce wai a Turai har lambar girma ake ba masu tara su, ni kam dariya na yi. Da gaske ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba. 'Yar'uwa yayanki ya fi ki gaskiya fa. Amma ba yawan tarawar ke jawo girman ba, wahalar da mutum ya sha wa harkar ce.

Ga wani Bature ɗan Ingila, Edward Denny Bacon, an haife shi 1860 ya mutu 1938. Da wani ɗan majalisa Thomas Tapling ya mutu a 1891 ya bar wa gidan tarihin Birtaniya tarin kan sarkinsa, to Bacon ne ya zauna shekara da shekaru yana tantance su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, har yau suna nan a babban ɗakin karatun Birtaniya, British Library. A 1913 Sarki George na biyar ya ɗauke shi ya kular masa da nasa tarin, shi ma sarkin ai mayen abin ne, tun yana yarima a 1904 ya biya fam 1,450 a kan kan sarki guda ɗaya tal na tsibirin Morishus! Bacon ya shugabanci ƙungiyar masu tara kan sarki ta Landan, Royal Philatelic Society, daga 1917 zuwa 1923, kuma daga baya aka ba shi muƙamin Sir.

Binciken nasu sai mai haƙuri wallahi. Mutum zai sa gilashin ƙara girma ya wuni yana ƙirga haƙoran gefen kan sarki, ya ɗaga takardar ya duba tambarin da ke ɓoye a cikinta, ya duba hatimin gidan waya, duk dan a gane wane bugu ne kuma na ainihi ne ko jabu, tunda 'yan damfara ba su bar nan ɗin ba.

Sannan akwai baje koli na duniya, ƙarƙashin ƙungiyar masu tara kan sarki ta duniya, FIP, da aka kafa 1926. Ana jera shafi 16 a kowane allo, alƙalai su zagaya suna ba da maki cikin 100, kuma kaso mafi tsoka, 35, na ilimi da bincike ne, kyan jeri 5 kacal. Sai ka kai 95 za ka ga babbar lambar zinare, shi ya sa mai kuɗi zai iya zubo masu tsada amma wani malamin makaranta da ya san kayansa ya doke shi.

Albam ɗin Baba kuwa, dan Allah kar ki ɓamɓare na jikin ambulan, hatimin garin da kwanan watan su ne rabin darajar, ki kuma raba shi da laima da gara. Ki duba ko akwai masu rubutun Northern Nigeria, an fara buga su a 1900 da kan Sarauniya Victoria, aka daina bayan haɗewar 1914. Akwai na fam 25 na 1904 da masu tarawa ke nema ruwa a jallo, in kin ci karo da shi ki rubuto mana tukuna kafin yayan naki ya ji labari.