Kafin ka sayi diril

Jiya muna naɗe aiki ka tare ni da tambaya, ni kuma ina saurin in riski Magariba, na ce ka bari sai yau. Ka ce kuɗin da kake tarawa tun bayan ƙaramar Sallah sun ɗan yi auki, kana so ka fara mallakar kayan aikin kanka, kuma ranka ya kwanta da diril ɗin nan mai batir da ka gani a hannun abokinka. Ka ƙara da cewa kawunka ma ya ce ka tambaye ni abin da ya kamata magidanci ya ajiye a gida saboda ƙananan gyare-gyare. To, jawo benci ka zauna, yarona.

Diril yana da amfani, ban hana ba, amma lokacinsa bai yi ba. Ka tuna satin nan da ya wuce, sau nawa ka ɗauki diril a shagon nan? Sau biyu, ranar da muka ɗaura kantar kicin. Sau nawa ka ce min "Maigida, ara min tef"? Ni kaina na gaji da ƙirgawa. Abin da hannunka ke nema kullum safiya shi ne abin da kuɗinka za su fara saya. Ni ƙa'idata tun ina kamarka ita ce, duk abin da na ara sau uku a wata guda, to ya zama dole in nemi nawa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma mai shi yakan buƙace shi daidai lokacin da kake tsakiyar aiki.

Saboda haka tef ne farko. Mai mita 5 ya ishe ka, wanda yake da inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen. Kana buƙatar duka biyun, domin a 'Yan Katako na Na'ibawa da inci da ƙafa ake magana, 2 bai 2, 2 bai 4, filawud ƙafa 4 da ƙafa 8, amma mai gidan da ya ɗauko hoton kabad daga waya da santimita zai zo maka. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya kuwa inci 12. Ka riƙe wannan a ka kamar sunanka. In za ka saya, jawo bakinsa ya yi kamar mita biyu a iska ka gani ko zai tsaya bai karye ba. Mai faɗin ruwa ya fi tsayawa, kuma shi ne zai ba ka damar auna silin kai kaɗai. Sannan ɗan ƙarfen nan na bakinsa da yake motsi, kada ka kuskura ka doke shi da hamma don ya daina rawa. Na ga yara da yawa suna yi, suna zaton lalacewa ya yi. Da gangan aka bar shi haka. Yana matsawa ne daidai kaurin kansa, don awon ya zo ɗaya ko ka maƙala shi a bakin katako, ko ka tokare shi da bango.

Kuma aiki ɗaya, tef ɗaya. Wannan da jikina na koye shi. Na taɓa zuwa wani gida na auna gurbin ƙofa da tef ɗin magini, na dawo shago na yanka da nawa. Ashe nasa bakinsa ya lanƙwashe. Da muka kai ƙyauren, sai ga rata a gefe wadda ɗan yatsa zai shige. Madaci ne mai kyau, na biya kuɗin katakon daga aljihuna, kunyar kuwa ta fi asarar zafi.

Bayan tef sai sukwaya da lebul. Waɗannan kana iya gwada gaskiyarsu a gaban mai sayarwa, kuma ka gwada, kada ka ji nauyi. Sukwaya, ka jingina ta da miƙaƙƙen bakin falanki ka ja layi, ka juya ta ɗaya ɓangaren ka sake ja a wuri guda. In layukan biyu suka hau kan juna, ka biya. In suka buɗe kamar almakashi, ajiye masa abinsa. Lebul ma haka: ɗora shi a kan tebur ka ga inda kumfar ta tsaya, ka juya kai ya koma gindi, dole ta tsaya a inda ta tsaya da fari. In aikin ya fi ƙarfin sukwaya, kamar kafa rumfa, tef ɗinka ya wadatar. Auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba ka 5, kusurwarka ta daidaita.

Hamma kuwa, mai ƙahon cire ƙusa, matsakaiciya, wadda kanta bai wuce rabin kilo ba. Yara suna son ƙatuwa don a ga ƙarfi, kafin azahar kafaɗa ta mutu, ƙusa kuma ta yi ta lanƙwashewa. Mai ƙotar katako ta fi daɗin hannu, sai dai da hunturu ya shigo itacen yakan bushe ya tsuke, kan ya fara girgiɗi. Wasu sukan jiƙa ta a ruwa ta kwana. Kwana biyu ne, in ta sake bushewa sai ta fi da sakewa. Ka fiƙe ɗan guntun katako mai tauri ka buga a tsagar saman ƙotar, shi ne maganin. Kan hamma da ya fice yana tafiya, ba ya tambayar wanda ke tsaye a gabanka.

Yanzu zarto da cizal, inda nake so ka buɗe kunne. A nan ne araha ba ta ado. Duk abin da yake da kaifi, ƙarfensa kake saya, ba fentinsa ba. Zartunan da suka cika kasuwa yanzu, in ka duba haƙoransu za ka ga bakinsu ya yi baƙi-baƙi. An gasa su sun yi tauri, suna ci sosai da farko, amma ranar da suka dakushe shi ke nan, magagari ba ya kama su. Tsohon zarto irin wanda ke rataye can, wanda na gada a wurin maigidana, Allah Ya jiƙansa, haƙoransa farare ne, ina wasa shi da magagari mai kusurwa uku ya dawo sabo. In ka ci karo da irinsa a wurin masu kayan gwanjo, ruwansa a miƙe, ba tsatsar da ta ci ciki, ka saya ko da ƙotar ta fashe. Ƙota ai aikinka ce. Cizal guda uku sun isa: kwata, rabin inci, da inci ɗaya. Da su za ka sassaƙe gurbin hinji da na makulli. Ka haɗa da dutsen washi a rana ɗaya, don cizal marar kaifi ya fi mai kaifi yanka mutum. Sai ka danna da ƙarfi, ya zame, ya sami hannun hagu. Kuma ba a dukansa da hammar ƙarfe. Ga guntayen katako nan zube, gobe ka sassaƙa wa kanka gudumar itace, ba ko sisi.

Filen kuwa, na goge fuskar katako, ka ci gaba da amfani da nawa har ka iya saita shi. Sayen filen kafin a iya wasa bakinsa ɓarnar kuɗi ce.

Shi kuwa kawunka, bukatarsa daban ce da taka, kada ka ɗora masa kayan kafinta. Hamma da tef, eh. Sukundireba biyu, mai faɗin baki da mai tauraro, masu kai mai tauri, domin na banza shi yake cinye kan noti har ya ƙi fita. Filaya mai roba a hannu. Sifana mai daidaitawa saboda famfo da keken yara, in kuma yana da babur ko janareta, ya ƙara da lamba 10, 12, 13, 14 da 17, don mai daidaitawa in ba a matse ta da kyau ba takan goge kusurwar noti ta mayar da shi kamar ƙwallo. Zarton ƙarfe da ruwa biyu na ajiya, a ɗaura shi haƙoran suna kallon gaba. Farin zaren nan na masu gyaran famfo, a naɗa shi ta inda noti yake bi in ana ɗaurewa, in aka naɗa a baibai warwarewa yake yi. Baƙin salatif, tocila, 'yan ƙusoshi na inci 1 zuwa 3 a gwangwanin madara. Da waɗannan zai gyara ƙyauren da ya saki, famfon da ke ɗiga, da ƙafar kujera, ba sai ya jira mai gyara kwana uku ba.

Testa ma ya saya, amma ka faɗa masa da bakina: testa ta gwaji ce, ba ta ɗaure noti ba. Kafin ya yarda da ita, ya fara sa ta a soket ɗin da ya san akwai wuta ya ga ta kama, don 'yar fitilar nan takan mutu, kuma a cikin hasken rana da ƙyar ake ganinta. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa. Canza ƙwan fitila ko fiyus ɗin filogi mai amfiya 13, wannan ya yi. Abin da ya wuce haka, ya kashe babban makunni ya kira mai aikin wuta. Kuma kada ya ce ai an ɗauke wuta, bari in taɓa. Ba sa sallama in za su dawo da ita.

To, mu koma kan diril ɗinka, tunda na ga har yanzu can hankalinka yake. In lokacin ya zo, abin da kake saya batir ne, injin kyauta ne kusan. Batirin Bosch ba ya shiga Makita, don haka kamfanin da ka fara da shi ka ɗaure kanka da shi ke nan. Ka tabbata ana samun batirinsa da cajarsa a Sabon Gari kafin ka biya. Kada kuma lamba ta ruɗe ka. Wanda aka rubuta wa bolt 20 da wanda aka rubuta wa bolt 18 abu guda ne, ƙwayoyi biyar ne a ciki, ɗaya ya faɗi ƙarfinsu lokacin da aka cire daga caji, ɗayan ya faɗi na lokacin aiki. Lambar da za ka duba ita ce ta Ah: mai 4 ya ninka mai 2 daɗewa. Zafi kuma shi ne ajalin batirin. Ka bar shi a kan kwano ko cikin but ɗin mota a watan Afrilu na Kano, ka gama da shi. Mai waya ya fi araha, ya fi ƙarfin huda siminti, ba ya tsufa a ajiye, amma sai da wuta, ƙaramin janareta kuwa nishi yake yi in ka danna. Ka ga kowanne da inda yake ciwo. Kowanne ka ɗauka, ya kasance yana da saitin duka na huda bango, da baki na 6 da na 8 na siminti, da 'yan robobin da ake cusawa a ramin kafin noti. Bulonmu na inci 6 da inci 9 ciki ne da shi, za ka ji bakin ya faɗa fanko, kada ka tsorata ka yi ta dannawa. Kada kuma ka huda a saitin soket ko makunni, sama ko ƙasa, nan ne waya take bi.

Giranda kuwa, ko kyauta aka ba ka, kawo min ajiya. Ƙaramar nan mai faifan inci huɗu da rabi tana juyawa fiye da sau 10,000 a minti. Masu cire mata murfi, da masu ɗaura mata faifan zarton katako, na san wanda yau da hannun hagu yake cin tuwo. Tabarau na kare ido kuwa ka saya tun yanzu, ko diril ɗin bai zo ba.

Wajen saye, sunan da ke jikin kaya ba shaida ba ce, Stanley na jabu ya fi na gaske yawa a kan tebura. Ɗauki abin ka ji nauyinsa. Filaya, rufe bakinta ka ɗaga wa haske, in kana hango rana ta tsakani, ba za ta riƙe waya ba. Sifana, girgiza muƙamuƙinta ka ji ko yana kaɗawa. Kada ka sayi jakar nan mai kaya ɗari a ciki, guda biyar za ka yi amfani da su, su ma ƙarfen gwangwani ne. Ka nemi mai shago guda da ke zaune, wanda in abu ya karye gobe za ka same shi a inda ka bar shi.

Akwatin zuba su kai za ka haɗa, daga ragowar filawud ɗin kabad ɗin nan, da hannu da kwaɗo. Shi ne gwajinka na wannan watan, zan kuma ɗora sukwaya a kowace kusurwa. Ka yi wa kayanka alama da fenti a ƙota, don a wurin aiki hamma ƙafa gare ta. Da damina ka riƙa shafa musu ɗan baƙin mai da tsumma kafin ka rufe, kada kuma ka ajiye akwatin a ƙasa inda danshi da gara suke.

Ranar Asabar ka zo da wuri da kuɗin, mu biya ta Ƙofar Ruwa kafin rana ta yi zafi, in ba mu samu zarton da nake so ba mu ƙarasa Sabon Gari. Kai za ka yi ciniki, ni kallo zan yi. Kuma cizal ɗina na rabin inci da ka tafi da shi gida tun ranar Talata, ka taho da shi.