Shin dinarin Iraƙi zai tashi saboda man fetur?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turare a Jidda. Wani a zauren WhatsApp na unguwarmu ya ce yaƙin Iraƙi ya ƙare, kamfanonin mai sun cika ƙasar, dinarinsu zai koma dala uku kamar dā. Yana so in saka kuɗin da nake tarawa na auren 'yata. Zuciyata ta ƙi kwanciya. In sayi dinarin?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka saya.

Gaskiya ne Iraƙi na da mai. Tana haƙo ganga wajen miliyan huɗu a rana, kuma a 2023 kamfanin mai na Faransa TotalEnergies ya sa hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 27 da Bagadaza. Ba wannan nake musu ba. Abin da ke damuna shi ne zancen da kullum ake kawo mini, wai ƙasa mai mai dole kuɗinta ya yi tsada. Duba riyal ɗin da ke aljihunka. Saudiyya ta fi Iraƙi mai nesa ba kusa ba, amma tun 1986 dala tana kan riyal 3.75. An yi tsadar mai, an yi arharsa, bai gusa ba.

Gwamnatin Iraƙi da dala take sayar da mai, da dinari take biyan albashi, kuma mai ne wajen kashi 90 na kuɗin shigarta. Idan dinari ya yi tsada, dalar da ta samu ba za ta isa albashin ba. Shi ya sa a Disambar 2020, da farashin mai ya faɗi, da hannunta ta karya dinarin daga wajen 1,190 zuwa 1,460 a kan dala. A Fabrairun 2023 ta dawo da shi 1,300. Iyakar "tashin" da aka gani tun daga lokacin ke nan.

Yi lissafin da kanka. Takardun dinari 25,000 guda 40 su ne miliyan ɗaya, kuɗinsu bai kai riyal 3,000 ba. Mutuminka na cewa wannan ƙaramin ƙunshin zai zama dala miliyan uku. Wa zai biya? Dinarin da ke yawo ya doshi tiriliyan 100. A dala uku-uku, ya ninka abin da duniya gaba ɗaya ke samarwa a shekara. Haba Alhaji!

Za su kawo maka labarin Kuwait ta 1991. Kuwait sababbin takardu ta buga, ta soke waɗanda aka sace lokacin da Iraƙi ta mamaye ta, ta maido kuɗinta kan darajar da yake da ita, domin ba ta taɓa cika kasuwa da shi ba. Za su kuma ce za a "cire sifili uku". 'Yan'uwanmu na Sudan sun ga irinsa a 2007, da aka karɓi dinarin Sudan 100 aka ba su sabon fam ɗaya. Ba wanda ya yi arziki da shi. Sudan ta Kudu ma ta ɓalle a 2011 da kashi uku cikin huɗu na man Sudan, fam ɗinta yana ƙasa da uku a dala, yau sai dubbai.

Su kansu kamfanonin ba dinari suke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ba. BP da CNPC sun shiga filin mai na Rumaila a Iraƙi a 2009 a kan ladan dala biyu kowace ganga, da lauyoyinsu da kwangila a rubuce. Shell kuwa ya tattara ya bar filin mai na Majnun a 2018.

Abin da ke min ciwo shi ne masu tallan nan da sunan Allah suke shiga, suna cewa taimakon ɗan'uwa ne. Ribarsu tana cikin farashin da suka ɗora maka yau. Kafin ka ba shi ko riyal ɗaya, sauka Balad, tsohon garin Jidda, wurin 'yan canji masu lasisi, ka tambayi nawa za su sayi dinari a hannunka, in ma sun yarda su karɓa. Sannan ka tambayi mutumin naka me ya sa yake rabuwa da nasa. Kuɗin auren yarinya ka bar shi a riyal, ko ka ƙara kaya a shagonka kafin aikin Hajji. Allah ya sa a yi bikin lafiya.