Mun ratse daga babban titi a Vermont, muka kusa kwana a daji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, New York. Bara a watan Oktoba na ɗauki iyalina a motar haya muka nufi jihar Vermont kallon ganyayen itatuwa da ke canza launi a lokacin kaka. Muna kan babban titi mai ɗakina ta hango wata 'yar hanya ta shige cikin itatuwa jajaye, ta ce mu bi. Muka bi. Kwalta ta ƙare, sabis ya ɗauke, hanya ta yi ta tsukewa har na dawo da ribas cikin duhu, yara na kuka. Bana tana so mu koma. Irin wannan ratse ganganci ne, ko akwai yadda ake yinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina tuƙi a wannan yanki, kuma ina bayan uwargida. Wanda ya tsaya a kan manyan titunan I-89 ko I-91 daga nesa yake hangen kaka. Fiye da rabin hanyoyin Vermont burji ne, kuma a kansu gonaki suke, da gadojin katako masu rufi, da bishiyoyin maple da suka haɗe kai a saman hanya. Ratsen ba shi da laifi. Abin da ya cuce ka rashin sanin irin hanyar da ka hau, da kuma lokacin da ka hau ta.

A Vermont an kasa hanyoyin garuruwa aji huɗu. Aji na uku, ko da burji ce, wajibi ne gari ya kula da ita yadda ƙaramar mota za ta bi duk shekara. Aji na huɗu kuwa babu wannan wajibci. Wata tsohuwar hanyar keken doki ce da gidajen bakinta suka watse tun da daɗewa, daji ya cinye. A taswirar waya duk layi ɗaya suke, shi ya sa waya take jefa mutane. Daga bayaninka ina kyautata zaton aji na huɗu ka faɗa.

Idonka zai gaya maka kafin waya. Muddin kana ganin akwatunan wasiƙa a bakin hanya, da turakun wuta, da shatin tayoyi, akwai mutane a gaba. In akwatunan suka ƙare, ciyawa ta fara tsirowa a tsakiyar hanya, rassa suka fara gogar gefen mota, to juya a fili na farko da ka samu. Kada ka ce bari in ga bayan wancan kwanar. Duk wanda na taɓa gani ya maƙale, wannan kwanar ya je gani. In ka ga allo an rubuta Class 4, wato aji na huɗu, ko an ce ba a gyaran hanyar, ba ta motar haya ba ce. Ma dai duba takardar hayar: kamfanoni da yawa sun haramta hawa burji gaba ɗaya, in abu ya lalace a can daga aljihunka za a gyara.

Sai maganar sabis. Tsakanin tsaunuka yakan ɗauke, amma abin da ke nuna inda kake da tauraron ɗan'adam yake aiki, ba ya buƙatar sabis. Taswirar ce take ƙin buɗewa. Sauke ta yankin a Google Maps tun kana gida, shi ke nan. Mai kuma, in tanki ya sauko rabi ka cika. Ko hanyar Kancamagus ta jihar New Hampshire mai maƙwabtaka da Vermont, wadda kwalta ce lafiyayya, mil 34 ne tsakanin Lincoln da Conway babu gidan mai.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne agogo. A tsakiyar Oktoba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, a cikin kwari kuma duhu yana riga haka. Daidai lokacin ne barewa ke fitowa, kuma daga Oktoba zuwa Disamba aka fi karo da su saboda lokacin barbararsu ne. Ba sa tafiya ɗai-ɗai: in ɗaya ta tsallaka, taka birki, 'yar'uwarta na biye. A arewacin jihar akwai wata dabba da ake kira moose, ta kai doki tsawo ko ta fi, baƙa-baƙa, fitila ƙafafunta kawai take haskawa. Ni dai in na yi la'asar, na fara neman kwalta. Ganyen da kuke sha'awa ma in ruwa ya jiƙa shi a ƙasa santsi gare shi kamar miyar kuka a tsakar gida, yana kuma rufe ramuka, don haka a bi kwana a hankali.

Launin ba ya zuwa ko'ina rana ɗaya. Idan yini ya gajarce bishiya takan daina yin koren sinadarinta, sai ruwan ɗorawa da ke ɓoye ya bayyana, jan kuma ya fi fitowa in an samu rana da hantsi da sanyin dare. Yana farawa daga arewa da kan tsaunuka a ƙarshen Satumba, ya gangaro kudu zuwa tsakiyar Oktoba. Wannan ma dalili ne na ratse: in ka tarar ƙasa kore shar, hau tudu kaɗan sai ka ga ja.

Akwai kuma haƙƙin masu wuri. A 2023 garin Pomfret ya rufe hanyar Cloudland ga baƙi tsawon makonnin kallon ganye, saboda masu ɗaukar hoto don Instagram da TikTok sun addabi wata gona, suna tare hanya suna shiga filin mutane. Allon da aka rubuta Posted a jikin bishiya yana nufin ba shiga. Ko sallah za ku yi, nemi wurin tsayawar jama'a, kada ka shimfiɗa darduma a ciyawar wani. A Nuwamba kuma lokacin farautar barewa da bindiga ne, ba na kai yara yawo cikin itatuwa ba.

In ni ne kai bana, Route 100 zan ɗauka. Ta ratsa jihar daga kudu zuwa arewa a gindin tsaunukan Green Mountains, ƙauye bayan ƙauye, ko'ina ka ratse ba ka yi nisa da ita ba. Ku bar uwargida ta zaɓi hanyar da ta kwanta mata, kai kuma ka riƙa ƙirga akwatunan wasiƙa. In kun kai garin Stowe da sauran rana, ku hau Route 108 ta Smugglers' Notch, inda hanya ke murɗewa tsakanin manyan duwatsu har tireloli masu bin waya suke maƙalewa ana cin su tara. Ƙaramar mota na wucewa lafiya. Sai dai ana rufe ta da zarar dusar ƙanƙara ta fara, don haka ka duba ko a buɗe take kafin ku bar masauki.