Zauren Kuɗi da Haraji: Aiki daga Ingila, zama a Kubwa, wa zan biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina zaune a Kubwa, sana'ata haɗa manhajar kwamfuta. Bana na ajiye aikin albashi na fara karɓar aiki da kaina. Wani kamfanin dillancin ma'aikata na Ingila ya samo mini kwantiragi na wata shida, fam 300 a rana, kuma daga ɗakina zan riƙa yi. Sun turo takarda in cike, a ciki an tambaya ko ta kamfanin ambarela za a biya ni ko ta limitid ɗina. Ban gane ko ɗaya ba. Wani abokina ya ce in sa adireshin baffana da ke Birmingham, in buɗe limitid a can, shi ke nan. Wani kuma ya ce kuɗin da ya shigo daga waje babu haraji a kansa. Don Allah a haska mini hanya.
Daga wani mai karatu a Kubwa, Abuja

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa aikin albarka. Kada ka yi gaggawar cike takardar nan. An tsara ta ne saboda mutumin da ke zaune a Birtaniya, kai kuwa a Kubwa kake kwana kake tashi, kuma duk amsar tambayarka a kan wannan ta rataya. Duk da haka zan faɗa maka abin da suke nufi, domin ka san yadda za ka yi magana da su.

Kamfanin ambarela ba ya samo maka aiki, ba ya kuma duba aikinka. Shi dai a takarda shi ne ya ɗauke ka. Dillalin zai tura masa fam 300 ɗin nan, ya fara cire ladansa, ya cire kuɗin inshorar ƙasa na ɓangaren mai ɗaukar ma'aikaci, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Afrilun 2025, ya ware kuɗin hutu da na fansho. Abin da ya rage shi ne albashinka, kuma daga ciki ne za a sake zaftare harajin albashi da naka kason na inshora. Shi ya sa mutane da yawa ke razana ranar da suka ga takardar albashinsu ta farko, don sun ɗauka fam 300 ɗin nan albashinsu ne, alhali har nauyin da ke kan mai ɗaukar ma'aikaci daga cikinsa ake sauke shi. Amfaninsa kuwa, babu ruwanka da lissafi da cike-cike.

Limitid kuma kamfaninka ne na kanka. Kamfanin ne ke tura takardar neman biya, kuɗi su shiga asusunsa, ya biya harajin kamfani a kan riba, wanda a can yake tsakanin kashi 19 da kashi 25, kai kuma ka biya kanka ɗan albashi ka haɗa da rabon riba. A da wannan hanya tana barin kuɗi da yawa a aljihu. Gwamnatinsu ta lura mutum zai bar ofis ranar Juma'a a matsayin ma'aikaci, ya dawo kan kujerarsa ranar Litinin a matsayin kamfani, sai ta kawo dokar da ake kira IR35 a shekarar 2000. Dokar ta ce idan yadda kake aiki bai bambanta da na ma'aikaci ba, to harajin ma'aikaci za ka biya. A 2017 aka ɗora wa ma'aikatun gwamnati alhakin tantance matsayin ɗan kwantiragi, a 2021 aka ɗora wa manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu. Tun daga nan kamfanoni da dama suka ji tsoron kuskure, suka riƙa tura kowa ambarela. Asalin tambayar da ke takardarka ke nan.

To kai ina ka faɗa? Mutumin da ba mazaunin Birtaniya ba ne, kuma yana yin aikin gaba ɗaya a wajen ƙasar, a ƙa'ida harajin albashinsu bai hau kansa ba. Najeriya da Birtaniya ma suna da yarjejeniya tun 1987 don kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Saboda haka rubuta wa dillalin a fili: ni mazaunin Najeriya ne, daga Abuja zan yi aikin, ta yaya kuke biyan irina? Wasu za su karɓi takardar neman biya kai tsaye, wasu za su haɗa ka da kamfanin da ke biyan ma'aikatan ƙetare, wasu kuma za su ce wanda ya ba da aikin bai yarda bayanansa su fita daga ƙasarsu ba. Idan wannan ce amsar, gara ka ji ta yau da ka ji ta bayan ka yi wata biyu kana aiki.

Shawarar adireshin baffanka kuwa, ka yar da ita. Ba laifi ba ne baƙo ya mallaki kamfani a Birtaniya, amma ka nuna wa masu aiki kana Birmingham alhali kana Kubwa yaudara ce, kuma na'urorinsu suna ganin inda kake shigowa. Ranar da aka gano, kwantiragi ya tafi, kuɗin da kake bi ya maƙale, wasiƙun hukumar harajinsu kuma ƙofar dattijon da bai ci nanin ba za su riƙa sauka.

Abokinka na biyu ma bai faɗi daidai ba, kuma maganarsa ta fi damuna domin ita ce ta fi yawo a tsakanin samarinmu masu aikin intanet. Mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu, ko daga ina ya fito, fam ne ko dala. Tunda a Abuja kake, hukumar harajin Babban Birnin Tarayya, FCT-IRS, ita ce taka, kuma kai da kanka za ka kai mata bayanin kuɗin shigarka na shekara kafin ƙarshen Maris na shekara mai bi. Da kana albashi ofis ke yi maka wannan ba ka ma sani ba. Yanzu babu mai yi maka.

Ga lissafin. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Mu ce bayan ka cire kuɗin da aikin ya ci an bar ka da miliyan 12 a shekara: harajinka naira 1,950,000. Idan miliyan 25 ne, 4,680,000. Da kuɗin da ka ambata za ka iya wuce nan, don haka duk ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka canza, kafin gida su ji labari, ware kashi ɗaya cikin huɗu a wani asusu da ba ka riƙe katinsa a aljihu. Sannan ka adana rasit na data, da na man janareta ko gyaran sola, da na kwamfuta, gwargwadon abin da aikin ya ci. Dokar ta kuma ba da damar cire kashi 20 na kuɗin hayar gida daga kuɗin da za a lissafa wa haraji, iyakarsa naira 500,000, amma sai da shaida. Na sha zama da masu sana'a a ofishina suna rantsuwa sun kashe kuɗi, kuma na yarda sun kashe, sai dai jami'in haraji takarda yake karantawa.

Game da rajista a nan gida, ra'ayina ka fara da rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Tana da sauƙi, za ta ba ka damar buɗe asusun kasuwanci da na kuɗin waje, harajinka kuma yana nan a matsayin na mutum ɗaya. Limitid yanzu mutum ɗaya ma zai iya buɗewa, tun dokar kamfanoni ta 2020, amma yana da nauyi: bayanan shekara ga CAC, lissafi ga hukumar harajin tarayya wadda yanzu ake kira NRS, da kuɗin akanta. Kuɗin kamfani a hannunka kamar kuɗin zubi ne a hannun uwar adashi, yana wurinka amma ba ka taɓa shi yadda ka ga dama. Za a ce maka ƙananan kamfanoni ba sa biyan haraji. Haka ne, amma dokar harajin ta fitar da masu sayar da ƙwarewar sana'a daga wannan rangwame, don haka kada ka gina lissafinka a kai sai ka samu amsa a rubuce cewa irin aikinka ya shiga. In bai shiga ba, kashi 30 ne a kan riba, da ƙarin kashi 4 na raya ƙasa, da kashi 10 a kan rabon riba idan ka fitar. Ka koma limitid ranar da mai ba da aiki ya ce sai da shi, ko ranar da ka fara ɗaukar yara aiki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, tana karɓar aikin cike gurbi ta hannun dillalai. Ta ce wani kamfanin ambarela ya yi mata alkawarin za ta riƙa tafiya gida da kashi 85 na kuɗinta, alhali na yanzu bai kai haka ba. Ta tambaye ni, ni kuma ban san kan abin ba. Ta koma?
Daga wata uwa a Gwarinpa

AMSA: Hajiya, barka kadai. Ki kira ta yau ki ce kada ta sa hannu. Duk kamfanin ambarela na gaskiya doka ɗaya yake bi, haraji ɗaya yake cirewa, bambancinsu bai wuce 'yan fam na ladansu ba. Wanda ya zo da alkawari mai nisa haka, wani ɓangare na kuɗin ne yake ɓoye wa hukuma. Yadda suke yi, su biya ta ɗan ƙaramin albashi a cire masa haraji, sauran su tura mata da sunan bashi ko kuɗin gaba, wai ba albashi ba ne. Hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ba ta yarda da wannan ba. A 2019 ta bi mutanen da suka shiga irin wannan tsari na bashi da harajin shekaru a dunƙule, cikinsu har da ma'aikatan asibiti, a lokacin da kamfanoni da yawa da suka yaudare su sun riga sun rufe. Mutane sun shiga mummunan hali a kan wannan, kuma ba na so 'yarki ta bi sahunsu tana baƙuwa a ƙasar mutane.

Ta nemi dillalin ya ba ta takardar da ke fayyace abin da za a cire daga kuɗinta, domin tun Afrilun 2020 doka ta wajabta masa bayarwa kafin a fara aiki. Kowane biya kuma ta gwada abin da ke takardar albashi da abin da ya shiga banki. Idan kuɗi suka shigo kashi biyu, ko na banki ya fi na takarda, akwai matsala, ta tsaya ta bincika. HMRC tana wallafa sunayen kamfanonin da ta kama da wannan, ta duba ko wannan na ciki, amma rashin ganin sunansa ba wanke shi ba ne. Sannan ta karanta sharuɗɗan bizarta, ta tabbatar irin wannan aikin na gefe da yawan awanninsa sun halatta a gare ta, kafin ta karɓi wani sabon gurbi.