Tambaya da Amsa: Shin kaji na koyi da juna?

Tambaya: Ina kiwon kajin gida a Daura. Wata kaza ta gano yadda ake ture faifan da ke rufe ƙwaryar gero, ba a jima ba sauran suka iya. Koyi suka yi da ita, ko kowacce ta gano da kanta?

Amsa: Malam, kallo kaɗai ba ya raba wannan gardama. A 1953, a tsibirin Koshima na Japan, an ga wata ƙaramar biranya mai suna Imo tana wanke dankali a ruwa, daga baya danginta suka ɗauka. Duk da haka masana sun yi ta jayayya, domin ɗabi'ar ta yaɗu a hankali ƙwarai, ta yiwu kowane biri shi ya gano abinsa.

Gwajin hanya biyu ya fi ƙarfi. Ka sa kafinta ya yi maka akwati mai murfin da ake turawa dama ko hagu, kowanne ya buɗe, ka zuba gero a ciki. Irinsa aka ajiye wa tsuntsaye a dajin Wytham kusa da Oxford, aka buga sakamakon a 2015: yawancin tsuntsayen kowane yanki sun bi gefen da aka koya wa na farkonsu.

Raba kajin kashi uku, shida-shida, inda ba sa ganin juna, ka ɗaura wa kowacce zare mai launi daban a ƙafa. Daga kashi na farko ware guda, mafi kyau wadda sauran ke kauce mata wajen ci, ka koya mata dama: bar murfin rabi a buɗe, kullum kana rage ƙofar har ta iya turawa. Ta kashi na biyu koya mata hagu. Kashi na uku ba a koya wa kowa, su ne ma'auninka.

Inda aka fi yin kuskure: gwanar ta buɗe, sauran su yi wawason gero, ba wadda ta taɓa murfin. Don haka bayan kwana biyar suna kallonta, gwada su ɗaya bayan ɗaya na minti goma, da sassafe kafin a ba su tsaba; ƙosasshiyar kaza ba ruwanta da akwatinka. Share ƙwayar da ta zube a gefe, in ba haka ba ita za su bi. Ɗauka da waya, ka rubuta turawar farko ta kowacce.

In kashi na farko suka fi bin dama, na biyu suka fi bin hagu, alamar koyi ke nan. In kuwa duk kashi ukun suka nufi gefe guda, koma wurin kafinta: murfin ne ya fi santsi ta nan.