Yadda ake sa ɗan wasa tashi sama a finafinan faɗa na Hong Kong

Malam, ka tambaya ko tsallen nan aikin kwamfuta ne. Galibi waya ce. Ana ɗaura wa ɗan wasa ɗamara a ƙarƙashin riga, a maƙala siririyar wayar ƙarfe, ta ratsa ƙaramin wili da aka rataye a sama, mutum biyu ko uku su ja daga can gefe. Gwanintar tana wurin masu jan: in suka riga shi ko suka makara, sai ya yi ta lilo, saukar ta lalace, har ƙugu ya bugu.

Saurin duka kuwa, saurin ɗaukar kyamara ne ake ragewa zuwa hoto 22 a daƙiƙa maimakon 24, sai in an haska fim ɗin a 24 motsin ya ƙara sauri. Ana kuma barbaɗa hoda a takalmi don ƙura ta tashi in shuri ya sauka.