Shin jan gaɓa da hannu zai taimaki dattijuwa mai ciwon kwatangwalo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 69, kuma ta kai shekara biyu tana fama da ciwo a matsematsinta na dama, wani lokaci ya sauko har gwiwa. An ɗauki hoton ƙashi, aka ce amosanin gaɓa ne a kwatangwalo. Tana tsoron tiyata, magungunan kashe zafi kuma suna damun cikinta. An ba mu shawarar mu kai ta wurin mai kairofiraktik, wai zai ja ƙafar ya mayar da gaɓar mazauninta. Zai yi amfani kuwa? Babu haɗari ga mai shekarunta? Ni ce 'yarta da ke jinyarta.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Maganar mayar da gaɓa mazauninta ita zan fara gyarawa, domin gaɓar Mama ba gocewa ta yi ba. A kwatangwalo, kan ƙashin cinya yana zaune ne cikin wani kwarmi na ƙashin ƙugu, kuma guringuntsi mai santsi ya lulluɓe fuskokin biyu. A wannan ciwo guringuntsin ne ke sirancewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, gefensa ya yi tsiro, jakar da ke rufe gaɓar ta ɗaure, tsokokin ɗuwawu da na cinya su yi rauni saboda ba a aiki da su sosai. Shi ya sa za ki ga sa takalmi ko yanke farcen ƙafa ya fara gagararta. Babu hannun da zai mayar da guringuntsin da ya riga ya cinye. Ƙarar ƙas da ake ji idan an ja gaɓa kuwa kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓar, ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba.

Amma wannan ba ya nufin aikin hannu banza ne. Kairofiraktik, salon magani ta hanyar ja da danna gaɓoɓi da hannu wanda D. D. Palmer ya assasa a garin Davenport na Amurka a 1895, ya fi shahara wajen aikin ƙashin baya. Abin da masu shi ke yi wa kwatangwalo shi ne miƙa ƙafa a ja ta a hankali, wani lokaci a ƙare da fizga gajeriya, sannan a saki tsokokin da suka ɗaure. Likitocin fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, ma suna yin irin wannan. Wasu marasa lafiya suna samun sauƙin ciwo da sakewar gaɓa na wani lokaci, kuma ga wanda ciwo ya hana barci, sauƙin ba ƙaramin abu ba ne.

Sakamakon binciken da aka yi bai zo ɗaya ba. A Holan a 2004 an kwatanta aikin hannu da motsa jiki a kan mutum 109, bayan mako 5 kashi 81 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin hannu suka ce sun samu sauƙi, a ɗaya ɓangaren kashi 50. A Denmak a 2013 an gwada da masu kairofiraktik ɗin kansu: waɗanda aka haɗa musu koyarwa kan ciwon da aikin hannu sun fi sauran samun raguwar zafi a mako 6. Sai dai a Ostareliya a 2014 an raba mutum 102 gida biyu, rabi aka yi musu aikin hannu da atisaye da shawarwari, rabi aka shafa musu man da babu magani a cikinsa tare da na'urar da ba a kunna ba. Duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, kuma na farko bai fi na biyu ba. Wannan sakamakon ne ya fi sa ni taka-tsantsan, domin ya nuna cewa kaso mai yawa na sauƙin yana zuwa ne daga kulawa da sa rai. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce idan za a yi aikin hannu ga kwatangwalo ko gwiwa, to a yi shi tare da motsa jiki, ba shi kaɗai ba.

Ra'ayina ke nan ni ma. Amfanin jan gaɓar shi ne ya rage zafin har Mama ta iya motsawa, motsin kuma shi ne ainihin maganin: tashi daga kujera da komawa a hankali, ɗaga ƙafa gefe tana kwance, tafiya gwargwadon ƙarfinta, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ciwon zai iya ɗan tashi a makonnin farko, kada hakan ya sa ta daina. Idan tana da ƙiba, raguwar nauyi tana sauƙaƙa wa gaɓar. Sanda ma tana taimakawa ƙwarai, amma ta riƙe ta a hannun hagu tunda ƙafar dama ce ke ciwo. Mutane da yawa suna riƙewa a ɓangaren ciwon.

Batun haɗari shi ne ya fi damuna. Mace mai shekara 69 ta daɗe da daina al'ada, kuma a irin wannan shekaru ƙashi yakan yi rauni ba tare da wata alama ba har sai ya karye. Don haka kafin kowa ya fizgi ƙafarta, likitanta ya duba ƙarfin ƙashinta. Kada a yi mata fizga idan an tabbatar ƙashinta ya raunana, ko ta taɓa karaya daga ɗan faɗuwa, ko ta daɗe tana shan magani irin su Prednisolone, ko tana shan maganin tsinka jini kamar Warfarin, ko ta taɓa yin ciwon daji, ko tana da sikila, domin sikila tana iya kashe kan ƙashin cinya. Idan kuma zazzaɓi ya zo tare da ciwon, ko tana ramewa babu dalili, ko ta kasa taka ƙafar farat ɗaya, asibiti za a nufa a ranar.

Idan likita ya amince, ki nemi wanda yake da horo da rajista, wanda zai karanta hoton ƙashin ya tambayi magungunanta kafin ya taɓa ta. Ki gaya masa ya yi ja mai taushi, kuma babu ruwansa da wuyanta. Ku ba abin mako 4 zuwa 6, ki riƙa lura da abubuwan da ido ke gani: nisan tafiyarta, barcinta, sa takalminta. In babu canji, a tsaya. Wanda ya ce sai ta riƙa zuwa har abada don kada gaɓar ta sake gocewa, kada ku biye masa.

Ki faɗa wa likitanta maganar cikin nan. Magunguna irin su Ibuprofen da Diclofenac suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini, musamman ga tsofaffi, kuma akwai maganin kare ciki da ake haɗawa da su idan ya zama dole. Tsoron tiyata kuma ku zauna da likitan ƙashi ya yi mata bayani. Dashen kwatangwalo na cikin ayyukan tiyata da suka fi samun nasara, fiye da rabin waɗanda ake dasawa suna kai shekara 25 suna aiki. Idan ciwon ya kai ga hana ta barci da hidimar kanta duk da atisaye da magani, lokacin ganin likitan tiyata ya yi.